Piyanon da Ya Ƙi Shiga Ƙofa a Lozells

Ranar Lahadi muna cin tuwo a gidana na Withington a Manchester, sai Sadiq, ɗan Kanon nan mai karatun injiniya wanda har yau da cokali yake cin tuwo, ya ɗago kai ya ce, "Anti Ramatu, ke kam kin more. Ki zauna a kujera mai laushi, yara su yi miki kiɗa, ki ba da marks, a kawo miki tea. Ni ma idan uni ta ƙi ni, wannan job ɗin zan nema." Sauran ɗaliban da suka biyo bas daga Fallowfield suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Bayan sun tafi ina wanke tukunya, maganar ta ƙi barina. Shi ya sa na zauna in faɗa muku yadda aikin yake, ku da kuke ganin malamar piyano mai alƙalancin gasa hutu kawai take yi cikin kaya masu kyau. Kujerar ma ba ta da laushi, Sadiq, filona nake ɗaukowa daga gida.

Aikina na farko a kan piyano riƙe tocila ne. Babana a zangon Kumasi gyaran piyano yake yi, sana'ar da ya koya wurin wani tsohon Bature a otal. Makarantun mishan da coci-coci ne masu kiransa, har maƙwabta suna zolayarsa wai ya fi fasto sanin hanyar coci. Da damina katako yakan kumbura, maɓallai su maƙale, ɓeraye su yi gida a cikin ulun da ke kan 'yan gudumomin da suke bugun wayoyi. Baba ya cusa kansa ciki har kafaɗa, ni ina haska masa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan maɓalli guda, in danna, in sake dannawa, har sai ya ce, "Ya zauna." Wata rana tun hantsi har azahar a kan sauti ɗaya muke. A nan na gane cewa kowane sauti yana da kai, yana da jiki, yana da wutsiya, kuma yawancin mutane kan kawai suke ji. Idan Baba ya tafi salla sai in hau kujerar in yi ta laluben waƙoƙin da na ji 'yan makaranta suna rerawa, har wata sista ta mishan ta ji ni ta roƙi Baba ya bar ta ta koya mini.

Daga hannun sista zuwa Manchester tafiya ce mai tsawo, ba ita nake son ba ku ba. Na samu gurbin karatu, na zo, na karanta kiɗa, kuma kafin in gama na san matsayina. Ina kiɗa da kyau, amma ba irin kyan da zai sa mutum ya fito cikin ruwan sama dominsa ba. Wadda ta faɗa mini haka ba kwana-kwana ita ce malamata, Misis Irena, wata gajeruwar tsohuwa 'yar Poland mai ƙanshin na'ana'a, wadda ba ta iya rarrashi ba ko kaɗan. Ta ce, "Yatsunki irin na kowa ne, Ramatu, amma kunnenki ba irin na kowa ba ne. Ranar Asabar ki biyo ni ki riƙe mini jaka."

Asabar ɗin muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, inda za ta yi alƙalancin wata gasa ta yara a zauren coci. A jirgi ta buɗe jakar ta nuna mini kayan aiki. Akwai fensir mai laushin baki, don biro yana ƙara a takarda, kuma yaron da ke kiɗa yana jin ƙarar ya ɗauka kuskurensa ake rubutawa. Akwai alewa da aka ɓare tun daga gida aka ɗaure a hankici, saboda ledar alewa a zauren da ya yi tsit ta ishi ta rikita yaro. Akwai takalmi mara ƙara, da butar shayi, da takardun kiɗan da suka sha hannu har suka yi laushi. Sai kuma ƙaramar ƙararrawa ta tagulla, wadda ake kaɗawa yaro ya fara, a kaɗa ya tsaya idan ya wuce lokaci ko ya ɓace gaba ɗaya. Misis Irena ta naɗe harshen tata da zaren ulu don kada ta firgita kowa. Na kai hannu zan ɗauki fensir, ta buge mini yatsu. Sai da muka yi damina da sanyi muna yawo tare kafin ta bar ni in rubuta ko kalma ɗaya.

To ga abin da ba ku sani ba. A irin wannan gasa, yara 'yan aji ɗaya kiɗa ɗaya suke yi. Wannan ya hau ya yi, ya sauka, wancan ya hau ya yi shi ɗin dai, haka tun safe har hasken tagogi ya juya. Zauren da sanyi, na'urar ɗumama ɗaki tana ƙas-ƙas, iyaye suna tari. Kafin a kai rabi kunne ya fara lumshewa. Rannan ban san lokacin da na bar Birmingham ba. Na tsinci kaina a Kumasi, ruwa yana dukan kwano, ƙanshin kafur yana fitowa daga cikin wani tsohon piyano, ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashinsa. Sai na ji an mintsine ni a cinya.

"Ina kika je?" in ji Misis Irena, bakinta ko motsi bai yi ba.

Na ce, "Gida." Kunya ta kama ni, na ɗauka ta kore ni ke nan.

Sai da aka tafi shan shayi ta yi mini bayani. Ta ce babu alƙalin da hankalinsa ba ya tafiya, wanda ya ce nasa ba ya tafiya ƙarya yake yi. Abin lura shi ne wane yaro ne ya tura ki, kuma ina ya tura ki. Akwai yaron da ba ya kuskure ko ɗaya, amma yana kiɗa kina tunanin ko kin kashe murhu, ko madara ta ƙare a gida. Akwai kuma wanda yatsunsa suke tuntuɓe, amma ya ɗauke ki ya kai ki ƙofar gidan ubanki. Ta ce, "Ki tafi, ban hana ki ba. Amma ki bar kunne ɗaya a zauren yana gadi, idan kin dawo ya ba ki labarin abin da ya faru." Koyon wannan raba kunne ya ɗauke ni shekaru, kuma har yau wani lokaci duka biyun suke tafiya su bar ni.

Ta koya mini kada in yi rubutu a daidai lokacin da yaro ya yi kuskure, in jira sai ya shiga wuri mai kyau, don idan ya hango hannuna ya ɗauka yabo ne. Ta koya mini abin da ya fi komai wuya, wato miƙewa tsaye bayan an gama, a gaban iyaye da malamai, a faɗa wa kowane yaro gaskiya guda ɗaya da zai iya ɗauka ya kai gida ba ta karya shi ba. Ƙaryar yabo yara suna gane ta tun kafin a rufe baki. Ita kuwa ƙararrawa, ranar da na fara kaɗa ta don tsayar da wata yarinya da ta ɓace tana ta zagaye a layi ɗaya, ko abincin rana ban iya ci ba.

Masu kawo mana aiki kuwa ba yaran ba ne, iyayen ne. Ranakun mako ina falona ina koyar da 'ya'yan likitoci da 'ya'yan direbobin tasi, wani ya zo da hannu duk danƙon alewa, wata ta zo ba ta taɓa littafin ba tun wancan mako amma ta rantse kare ne ya ɓoye shi. Ƙarshen mako kuma ina teburin alƙali, inda iyayen wasu suke kallona kamar ni na raba musu gado. Wani uba ya taɓa tare ni a bakin ƙofa, ya ce shi da kansa ya ƙirga, ɗansa bai yi kuskure ko ɗaya ba, wadda na ba ta ɗaya kuwa ta yi har uku. Na ce masa gaskiya ne, ƙirgensa daidai yake. Wata uwa kuma ta bi ni har banɗaki, ina ciki tana waje tana yi mini bayanin cewa 'yarta mura ce ta hana ta. Malamai 'yan'uwana ma ba a bar su a baya ba, wanda ɗalibinsa ya faɗi yau, gobe ku haɗu a tashar jirgi ya yi kamar yana karanta allon lokuta. Duk wannan na saba da shi, har nakan yi kewarsa idan an yi hutu.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce shekarar kullen korona. Aka rufe zauruka, gasa duk ta tsaya, ɗalibaina suka koma cikin kwamfuta, inda nake ganin yatsa ya sauka sannan daga baya sauti ya iso yana ɗingishi. Rabinsu suka daina zuwa. Titin Oxford da bas-bas suke bin juna ya koma fayau, har kukan tsuntsaye nake ji daga kicin. Misis Irena a lokacin tana gidan kula da tsofaffi, ba a bari a shiga, sai dai waya. Wata rana da hantsi ta kira ni, muryarta ta yi siriri, ta ce maganar piyanonta ce. Ba ta son a sayar, ba ta son a kai makaranta inda kowa zai daka. A nemo yaron da yake da kiɗa a jikinsa amma babu piyano a gidansu, alƙalai uku su zaɓa, a ba shi aro har ya girma. Sharaɗinta ɗaya ne, piyanon ya kwana a gidan da yaron yake kwana. Idan hakan bai yiwu ba, a ba wanda ya zo na biyu. Ba ta ga ƙarshen bazarar ba, kuma ban samu zuwa jana'izarta ba. Na yi baƙin ciki ƙwarai.

Muka shirya gasar mu uku, dukkanmu tsofaffin ɗalibanta: ni, da Mista Howard, wani dogo mai son bin ƙa'ida, da Moira 'yar Scotland. Tunda ba a haɗuwa, muka ce kowane yaro ya ɗauki bidiyon kansa a gida ko inda ya samu, a ɗauka sau ɗaya ba yankewa, a ga hannaye. Duk shekarun da na yi ina alƙalanci, yara nake gani cikin fararen riguna a kan dandamali, ban taɓa ganin inda suke fitowa ba. Yanzu sai ga ni ina shiga gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya ina zaune a kicin ɗina. Ga shanya a bayan wannan, ga injin wanki yana juyi a gidan wancan, ga kyanwa ta ratsa, ga ƙaramin ƙane yana leƙe ta ƙofa da cokali a baki. Na yi kwanaki ina yawo a ɗakunan da ban taɓa takawa ba, har na fara mafarkin labulayensu.

Biyu ne suka yi fice. Ɗaya wani yaro ne Daniel daga nan Manchester, ya yi nasa a piyanon maƙwabciyarsu, tsaf-tsaf, ba abin da za a ce. Ɗayar kuma wata yarinya ce Jamila daga Lozells a Birmingham, siririya, da ɗan hijabi ruwan toka. Abin kiɗanta ƙaramin kibod ne na lantarki, irin gajeren nan da maɓallansa ba su cika ba, an ɗora shi a kan teburin guga. Kiɗan da ta zaɓa mai tafiyar hawainiya ne, kuma hannun hagu yakan sauka can ƙasa ya ɗauko wani sauti mai kauri, ya bar shi yana amo yayin da na dama yake yawo a samansa. To kibod ɗinta ya ƙare kafin a kai wurin. Duk lokacin da kiɗan ya nemi wannan sauti, sai ta miƙa ɗan ƙaramin yatsanta ta danna zanen teburin gugar, a daidai inda maɓallin ya kamata ya kasance. Ba a jin komai. Amma hannun damanta yana jira, yana ba sautin da babu shi lokacinsa, har wutsiyarsa ta ƙare, sannan ya ci gaba. Ban san lokacin da na tafi ba. Na ga kaina ina tafiya a bayan Baba a wata hanya mai jar ƙasa, yana ɗauke da akwatin kayan aiki a ka, garin ya yi luf ana jiran ruwa. Da na dawo, hoton yana ɗan karkarwa, sai na ji muryar wata tsohuwa daga bayan wayar tana cewa, "Kin gama, Jamila? Hannuna ya gaji fa." Da Hausa, Hausar zango irin ta uwata.

Da muka haɗu ta kwamfuta, abin da na fara faɗa musu ke nan. Na ce yarinyar nan 'yar mutanenmu ce, ban san su ba, amma na ji yarenmu a bidiyon, idan suna so in janye zan janye. Mista Howard ya ce ba ya zargina, in zauna, amma shi abin da bai ji ba ba zai ba shi maki ba, kuma Daniel ma ba shi da piyano, kuma ya buga kowane sauti. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Moira ta ce a ba ta dama ta sake saurare ido a rufe. Muna kallonta a allo, kanta a sunkuye. Da ta buɗe ido ta ce abin mamaki, ita ta ji sautin, ko da yake ta san babu shi. Muka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya, Jamila ta ci, Daniel ya zo na biyu.

Sai da aka sassauta kulle muka samu masu ɗaukar kaya. Na riga su isa Lozells, layin gidaje manne da juna, da 'yan shaguna a kusurwa, sama ta yi nauyi da hadari. Mahaifiyar Jamila, Hawa, ta tare ni da kayan aikinta na kula da marasa lafiya a jiki, ta yi mini sannu da hanya, muka gaisa kamar mun daɗe da sanin juna. Ƙasan gidan kawai suke haya, ɗakin gaba na Jamila da Kaka, tsohuwar da na ji muryarta a bidiyo, ƙaramin ɗaki na Hawa da ƙananan yara, sai kicin. Ta nuna mini wurin da suka gyara, jikin bangon 'yar hanyar shiga, sun kwashe takalma, sun goge, har sun shimfiɗa ɗan kafet. Ina gani na san wurin ba zai isa ba, amma kafin in buɗe baki motar ta iso.

Aka buɗe bayan motar. Ga shi nan a kwance a kan gefensa, an cire masa ƙafafu, an naɗe shi da barguna, kamar saniyar da aka kayar. Hawa ta dafa ƙirji ta ce, "Malama, wannan ne? Ni na ɗauka irin na school ne, wanda ake jinginawa da bango."

Mu uku mun tattauna kowane numfashi na kiɗan yarinyar nan, mun yi gardama a kan sautin da ba a ma ji ba, amma babu wanda ya tuna ya ce musu babban piyano ne mai ƙafa uku da doguwar jela. A wurinmu idan an ce piyanon Misis Irena an gama magana, mun girma a gefensa, ba mu taɓa tunanin akwai wanda bai san shi ba.

Shugaban masu ɗaukar kayan, wani jibgege mai suna Gary, ya shiga da abin awonsa ya fito yana girgiza kai. Ya ce ƙofar waje zai shiga, amma ba zai juya ba, kuma ko ya juya babu inda zai tsaya sai ɗakin gaba. Ɗakin gaban ta taga za a iya shigar da shi idan an cire ta. Hawa ta kira wanda ya ba su hayar gidan, ya ce a cire in dai za a mayar yadda take, kuma akwai maƙwabcinsu Baba Issaka, kafinta ɗan Tamale, da zai iya. Saura abu ɗaya. Ɗakin gaba gado ne ya cika shi, babban gadon katako mai nauyi da zane a jikinsa, wanda marigayi mijin Kaka ya sassaƙa da hannunsa, aka auno shi ta jirgin ruwa daga Kumasi. Ɗakin ba zai ɗauki gado da piyano tare ba, kuma babu wani ɗakin da gadon zai shiga.

Hawa ta ja ni gefe ta rage murya. "Malama, ki yi haƙuri, ba zai yiwu ba. Mma ba za ta kwana a ƙasa ba, gwiwoyinta sun ƙare, likitanta na GP ma ya ce ta daina durƙuso. Council kuma mun gaji da jira su ba mu babban flat. Ku kai wa yaron nan, shi ma ɗan wani ne."

Gary ya dubi sama ya ce yana da wani aikin, kuma piyano da ruwa ba sa shiri. Lambar mahaifiyar Daniel tana cikin wayata, har na fito da ita. Jamila duk wannan lokaci tana tsaye a bayan motar. Sai ta tambayi Gary, da Turancinta na 'yan Birmingham mai jan baki, ko zai bar ta ta taɓa sau ɗaya kafin a tafi da shi. Ya kwance igiya, ya ɗaga bargo, ya buɗe murfin. Ta hau, ta bi maɓallan da ido har can ƙarshe, ta sa ɗan yatsanta a kan wanda ta daɗe tana nema, ta danna. Shiru. Irin wannan piyano idan yana kwance a gefe gudumominsa ba sa tashi. Ta sake dannawa, ta sauke hannu, ta ce ta gode. Na ji tausayinta har na kasa kallonta.

Sai muka ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Kaka ce a tagar ɗakinta, 'yar tsohuwa da farin mayafi, ta yafito ni. Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Tana zaune a bakin gadon, sandarta a jingine.

Ta ce, "Malama, wannan abin da ke mota, shi ne mai sauran muryoyin da take bugawa a kan zane?"

Na ce, "Shi ne, Kaka."

"Ni nake riƙe mata waya. Kullum ina ganin yatsan nan yana zuwa wurin da babu kowa." Ta shafa katakon gadon, ta ɗaga murya. "Hawa, kira Issaka. A kwance gadon nan."

Hawa ta shigo da sauri. "Haba Mma, gadon Baba ne fa. Kuma a ina za ki kwana?"

"Mai gadon ya riga ya samu wurin kwanciyarsa. A tabarma na haife ki, ga ni ban mutu ba. Ku bar mini katifa."

"Tashi fa, Mma? Wa zai riƙa ɗaga ki idan ina shift?"

"Wadda nake riƙe wa waya."

Hawa ta juya baya tana share ido. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don na ga abin da ƙuri'ata guda ta jawo wa tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na ce mata ba dole ba ne, babu wanda zai ga laifinta. Ta dube ni kamar na yi maganar yara. Sai na ce ina da ɗakin da ba kowa a Withington, in ajiye mata gadon har su samu babban gida. Ta ce, "To, haka ya yi. Kun ba mu aro, mu ma mun ba ki aro. Ki riƙa shafa masa mai, ba ya son bushewa."

Baba Issaka ya zo da akwatinsa ya fara da gadon, yana cire kowace ƙusa yana yaba aikin marigayi, sannan ya koma kan tagar. Aka ɗora Kaka a kujerar roba a bakin ƙofa, aka lulluɓe ta da bargo. Kafin a jima layin ya cika, mai shagon kusurwa ya fito, wasu samari da ke wucewa suka tuɓe riguna suka kama. Aka jingina katako daga mota zuwa bakin taga, aka riƙa tura piyanon a hankali, Gary yana ba da umarni, na ciki suna tarba. Na ga abin da na sani shekara da shekaru a falo ɗaya yana shawagi a saman 'yar katangar gidan mutane, ya tsaya cak a tsakiyar taga kamar yana shawara, sannan ya shige. Aka ɗaura masa ƙafafu, aka tayar da shi. Ruwan ya fara sauka daidai lokacin da ake naɗe allunan gadon a cikin bargunan da piyanon ya zo da su.

Na ce wa Jamila tafiya ta karkatar masa da murya, sai ya huta makonni kafin a saita shi, kada ta ji haushi. Ba ta ma saurare ni ba. Ta zauna, taga a buɗe ba gilashi, iska tana kaɗa hijabinta, ta danna maɓallin nan na can ƙasa. Sautin ya fito ya cika ɗakin, ya fita ta tagar ya bi layi, kuma ba ta ɗaga yatsa ba sai da wutsiyarsa ta ƙare ƙarƙaf. Kaka ta sa aka shigo da ita, ta ɗora tafin hannunta a kan murfin, ta ce a sake. Ban koma ta jirgi ba rannan, a motar kaya na zauna tsakanin Gary da abokin aikinsa, gadon yana bayanmu yana ɗan ƙara a kowace kwana har Manchester.

Jamila yanzu budurwa ce, tana makarantar kiɗa, kuma duk gasar da na ga sunanta nakan tattara jakata in bar wa wani teburin. Babban gidan bai samu ba. Katifar Kaka tana ƙarƙashin jelar piyanon, nan ne kaɗai wurin da ya rage, kuma safe da yamma Jamila ce take kama ta ta tashi. Kowace Salla nakan buga wa Kaka waya mu gaisa, in ce, "Kaka, piyanon nan za a iya nema masa wani wuri, a kawo gadon?" Ita kuma ta ce, "Bari dai, Malama, yarinyar ba ta gama ba." Bara da sanyi Allah ya yi mata rasuwa, a kan katifar. Hawa ta ce in ci gaba da riƙewa tukuna, don har yanzu babu inda za a sa shi. Gadon yana sama, a ɗakin da kuke zuba rigunan sanyinku idan kun zo cin tuwo.